Kafin Ka Kunna Kwamfuta, Ina Gindin Waƙarka?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasan mawaƙanmu, daga nan Kalmalo zuwa Illela har tsallaken iyaka a Ƙonni: wai waƙa ta ƙi zuwa. Idan ka duba wayar mai wannan kuka, za ka tarar da kiɗa goma sha wani abu a ajiye, kowanne da daɗin ji, amma babu ko ɗaya da ya ɗora wa baiti biyu cikakku. Wasu su ce sammu aka yi musu, wasu su ce basirar ce ta ƙafe. Ni kuwa, 'yan uwa, a ganina yawancinsu basirarsu na nan kalau. Ta baya suke shiga aikin.

Ga yadda ake yi yanzu. Mawaƙi zai tara kuɗin mota da na situdiyo, ya tafi Sakkwato ko wani ɗaki a Illela, ya zauna bayan mai haɗa kiɗa. Shi kuma ya buɗe FL Studio ko Cubase, ya jera ganga, ya sa fiyano, kafin rabin awa kiɗa ya tashi yana ta zagayawa. Sai ya juyo ya ce, "To, shiga." Janareta na shan fetur, wani na jiran layi a waje, kai kuma ana so ka haifo waƙa nan take. Wanda ya kasa sai ya karɓi kiɗan a waya ya dawo gida, ya yi ta saurarensa wata guda yana jiran kalmomi su faɗo.

Ba za su faɗo da sauƙi ba, kuma akwai dalili. FL Studio, wadda wani kamfanin ƙasar Beljiyam ya fara fitarwa da sunan FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990, idan ka buɗe ta tana ba ka gidaje goma sha shida ne a jere, bugu huɗu-huɗu. An gina ta ne don kiɗan rawa na Turai. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, mai gaɓa doguwa da gajeruwa. Fari na launi daban, fari na rashin ruwan sama daban, fari na farko daban, kuma ba a rubutu ake bambanta su ba, a murya ne. Duk jimlar Hausa tana tafe da rabin karinta tun kafin a rera ta. Idan ka riga ka kafa kiɗa, sannan ka zo kana cusa jimla a ciki, dole ɗayan biyu: ko ka murɗe kalma ta fita daga kamanninta, ko ka yar da ita ka ɗauko wadda ta saba shiga gidan. Shi ya sa ake ta juya kalmomi ashirin ɗin nan, zuciya, masoyiya, hawaye, a waƙa ɗari. Su ne aka riga aka san sun dace da ma'aunin. Mawaƙin da ya gaji da su amma bai sami wasu ba, shi ne yake cewa waƙa ta ƙi zuwa.

Mu dubi magabata, tunda dai a ƙasar Sakkwato muke, ba sai mun yi aro ba. Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotso suka yi aiki, Salihu Jankiɗi da taushi, Ɗan Anace da kalangu. Abin da ya haɗa su shi ne gindin waƙa, kamar yadda masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suke kiransa: 'yar gajeruwar magana da 'yan amshi ke komawa kanta, ɗiyan waƙa kuma su biyo baya. Kalangu ma ai magana yake bi, makaɗi na matsa tsarkiya yana sassautawa don sautin ya hau ya sauka yadda harshe ke yi. Kiɗan ne ke bin kalma. Mu muka juya abin, muka sa keke a gaban doki, sannan muke mamakin rashin tafiya.

Sai kuma abu na biyu, wanda na fi ganin ya fi cin mutane: kaɗaici. Makaɗin da yana da jama'a. Idan ya jefa ɗa bai zauna ba, a fuskar 'yan amshinsa zai gani kafin kowa ya ji. Idan ya tsaya, su riƙe masa gindi har ya numfasa ya samo na gaba, wani lokaci ma su ƙara masa. Ɗan zamani shi kaɗai ne da abin ji a kunne, da maɓallin gogewa a ƙarƙashin yatsa. Ya rera layi, ya goge, ya sake, ya goge, har asuba. Manhajar ba ta gajiya, ba ta kuma cewa "ya isa haka, wannan ya yi."

Kada a ɗauka ina kiran a fasa kwamfuta a koma fata da kirgi. Wannan na'ura ta yi mana rana. A da sai ɗan gado ke kiɗa, ko wanda ya yi shekaru yana ɗaukar kayan wani. Yau yaron da ubansa manomin albasa ne a fadama zai iya fitar da waƙa a ji ta a Tawa da Maraɗi cikin mako guda. Hamisu Breaker ai ba da kotso ya yi Jaruma ba, kuma a 2020 babu inda ba ta shiga ba. Ko Auto-Tune, da ya fito a 1997, ba shi da laifi idan an sa shi da hankali, sai dai idan an ƙure shi yakan datse faɗuwar murya ya mai da ita matakala, har kalma ta rasa karinta.

Mu mutanen Kalmalo mun san abin da ke faruwa da tafki idan aka tare ruwa daga sama. Tafkinmu daga gulbin Magiya na Nijar yake sha, kuma tun da aka yi madatsu a can dattawa ke ba da labarin kifin da ake kamawa a da. Mawaƙin da ba ya sauraron komai sai waƙoƙin da ke tashe a TikTok ya tare nasa gulbin da hannunsa. Ranar Lahadi a kasuwar Illela, tsakanin dillalan shanu da 'yan canji da mata masu fura, ana zubar da azanci da ba'a da kirari da suka ishi kundi guda, da Sakkwatanci da Adaranci tsantsa. Amma mawaƙinmu na jin kunyar sa harshen garinsu a waƙa, sai ya ari na Kano.

Don haka ga wanda abin ya cije masa, shawarata ya rufe kiɗan nan da ke cikin waya tukuna. Ya nemo magana ɗaya da yake son faɗa, ya yi ta maimaita ta da baki har karinta ya fito. Ya tara abokai biyu ko uku su amsa masa, ko da tafi ne da bayan ƙwarya, ya ɗauka a waya. Wannan ɗaukar zai kai situdiyo. Idan mai haɗa kiɗa ya ce ba ta hau ma'auninsa ba, a roƙe shi ya sauya ma'aunin zuwa uku-uku, ko ya rage gudun. FL Studio da Cubase duk suna iyawa, kuma aikin bai kai minti ɗaya ba.