Tausayi Kaɗai Ba Ya Sa Mutum Ya Zama Ma'aikacin Walwalar Jama'a

Maudu'inmu na wannan mako zai ɓata wa wasu rai, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yanzu duk wanda ya mallaki waya mai kyamara da lambar asusun banki ya zama "mai taimakon al'umma". A shiga asibiti, a yaye wa mara lafiya mayafi, a ɗauki ciwonsa a watsa a Facebook da TikTok. A jera marayu cikin rana, a miƙa musu taliya, a ce su ɗago fuska. Kuɗi kam suna shigowa. To yarinyar da aka yi wa fyaɗe aka nuna fuskarta fa? Bidiyon nan zai riga ta zuwa makaranta, ya kuma riga ta zuwa gidan miji.

Aikin walwalar jama'a sana'a ce da ake zama a koya, kamar aikin jinya. Tun 1917 Mary Richmond ta Amurka ta rubuta littafi kan yadda ake binciken halin mutum kafin a taimake shi. A 1957 Felix Biestek ya jero ƙa'idoji bakwai da har gobe ake koyar da su. Daga ciki akwai riƙe sirri, da karɓar mutum a yadda yake ba tare da yanke masa hukunci ba, da barinsa ya zaɓa wa kansa mafita. Ƙwararre yakan saurara, ya binciki halin gidan, ya tsara mafita tare da mai matsalar, ya miƙa shi asibiti ko kotu ko makaranta idan abin ya fi ƙarfinsa, sannan ya ci gaba da bibiya yana rubuta komai a fayil. Mai kyamara kuwa, da ya samu hoto ya gama aiki.

Za a ce mana, in ba a nuna hoto ba mutane ba sa bayarwa, domin an sha damfara. Mun yarda an sha. Amma takardar likita shaida ce, rasit shaida ne, kuma ana iya biyan kuɗin kai tsaye a asibiti. Kada kuma a fake da cewa ai shi ya amince. Wanda ɗansa ke kwance rai a hannun Allah, me za ka nema ya ce a'a?

Wasu kuma su ce kakanninmu sun yi taimako ba su da difloma. Haka ne, sai dai mai unguwa da dattawan dangi sun san gidan ciki da bai, kuma sun iya rufa asiri. Mu tuna Rigasa a Kaduna, cikin Satumbar 2019, inda 'yan sanda suka fito da tarin yara da manya daga wani gidan gyaran hali, wasu da mari a ƙafa. Da kyakkyawar niyya iyaye suka kai su. Abin da niyya ke haifarwa ke nan idan babu ilimi babu sa ido.

Hanyar koyo a buɗe take. A 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta tsara wannan sana'a a Nijeriya, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana horar da ma'aikatan wannan fanni. Kowace gidauniya ta ɗauki ƙwararre ko da guda ɗaya ne, ko ta tura nata karatu.

Mu kuma marubuta da masu karatu, namu ya fi sauƙi. Mu daina yaɗa bidiyon da ya tona asirin mabuƙaci, mu tambayi mai gidauniya wa ya horar da shi kafin mu tura masa ko sisi.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman masu gidauniyoyin da ke cikinmu.