RA'AYI: Kafin a sa wa tsohuwar motarka sabuwar ƙwaƙwalwa

Duk mai bin hanyar Kollo ta cikin Saga ya san irin motocin da ke ɗauke da unguwar: tasi masu jan kai, galibinsu Starlet da Corolla, da faba-faba, da ƴan akori-kura masu kwasar shinkafa da kayan lambu daga bakin kogi zuwa kasuwannin Yamai. Kamfanin Toyota ya daina ƙera irin wannan Starlet ɗin tun 1999, ke nan ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25 a duniya. Jiki yakan jure, domin masu walda da masu fenti ba sa gajiya. Inji ne ke fara sarewa, kuma idan ya sare, mai mota yakan tarar cewa injin da ya fi sauƙin samu a Katako, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ba irin nasa mai kafireta ba ne. Sabon yayi ne, wanda ba ya ko tari sai da ƙwaƙwalwarsa, wato akwatin nan da makanikan Yamai ke kira kalkilatar, na Najeriya kuma ke kira birenbos.

Daga nan aiki ya bar hannun makanike ya koma hannun mai waya. Shi zai aurar da sabuwar ƙwaƙwalwa da tsohuwar mota, alhali ba a yi su don juna ba. Ina goyon bayan wannan aiki, kuma ina ganin nan gaba zai ƙaru ne. Abin da ba na goyon baya shi ne yadda ake yawan yin sa, cikin wuni guda, ba zane, ba gwaji, mai mota na tsaye a kan mai waya yana cewa gobe da asuba zai fita neman kuɗin cefane.

Dalilin da ya sa nake cewa zai ƙaru a fili yake. Shekaru da dama motocin Nijar ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke shigowa, har sunan garin ya zama sunan duk wata motar hannu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta rufe. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe ɓangarenta, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. Wanda a da zai sayar da tsohuwarsa ya cika kuɗi ya sayi ƴar Kwatano, yanzu lissafin canza inji yake yi.

Akwai masu cewa a daina wahalar da kai, a hana tsofaffin motoci baki ɗaya. Suna da hujja. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. A wannan shekarar ce CEDEAO ta amince da ƙa'idar taƙaita shekarun motocin da za a shigo da su. To amma Nijar ta fice daga ƙungiyar tun 29 ga Janairun 2025, kuma ko ba haka ba, waccan ƙa'ida ta shafi motar da za ta shigo ne, ba ta ce komai ba game da wadda ta shekara 20 tana jigila tsakanin Saga da Babbar Kasuwa. Wannan motar tana nan, iyali na ci daga gare ta, kuma inji mai ƙwaƙwalwa da aka haɗa daidai ya fi tsohon kafireta tsimin mai da ƙarancin hayaƙi.

Sai dai kalmar “daidai” ɗin nan ita ce duk maganar, don haka bari mu ɗan leƙa cikin akwatin.

Ƙwaƙwalwar mota ba ta gani, ba ta ji, sai abin da wayoyi suka gaya mata. Akwai ƴan na'urori da ake kira sansa a jikin inji: ɗaya na faɗa mata inda fistin yake a kowane juyi, ɗaya na faɗa mata zafin ruwa, ɗaya yawan iskar da ke shiga, ɗaya yadda direba ya taka totur, ɗaya kuma a bakin salansa yana shinshinar hayaƙi don a san ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Da waɗannan bayanai take yanke shawarar tsawon lokacin da za ta buɗe injekta da lokacin da za ta ba fulogi wuta, sau dubbai a minti guda. Batir na ba da bolt 12, amma da yawa daga cikin sansar nan da bolt 5 suke aiki, kuma saƙon da suke mayarwa ɗan ƙanƙani ne. Waya ɗaya da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, ta sha zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu ta yi tsatsa, ta isa ta canza saƙon. Ƙwaƙwalwa ba ta san waya ce ta lalace ba. Za ta ɗauka gaskiya aka gaya mata, ta yi aiki da ƙarya.

Haka batun mas, wato wayar da ke komawa jikin ƙarfe. A tsohuwar mota ko'ina ka ɗaura ta ya yi. A inji mai ƙwaƙwalwa, mas ɗin sansa dabam yake da na abubuwa masu jan wuta da yawa, kuma wayoyin wasu sansa suna da rigar ƙarfe da ke kare su daga hargitsin wutar fulogi. Idan aka yanke wannan rigar aka jona da wayar gida ta fitila, mota za ta tashi lafiya a gareji, a biya kuɗi, a yi godiya. Bayan mako biyu ta fara shaƙewa a tsakiyar titi, a canza fulogi, a wanke injekta, a zargi mai, daga ƙarshe a yanke hukunci cewa “ƙwaƙwalwar ce ta mutu”, a sake sayen wata. Ƙwaƙwalwa nawa aka jefar a garejojinmu alhali lafiyarsu ƙalau?

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Akwai wadda ta fi ta, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kafireta da ɗan matsi kaɗan yake karɓar mai. Injekta na bukatar matsin da ya kai wajen bar 3, kusan ninki goma, daga famfon lantarki. Tsofaffin tiyo da ƙullin da aka yi wa kafireta ba za su riƙe wannan ba, dole a canza su. Sannan masu ƙera mota sun tsara cewa famfon ya tsaya da kansa da zarar inji ya mutu, ta hanyar wani rile da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa. Hanyar gaggawa ita ce a tsallake rilen, a jona famfo kai-tsaye da makulli. Ma'anar haka, idan aka yi karo, tiyo ya fashe, direba ya suma, famfo zai ci gaba da fesa fetur a kan inji mai zafi har sai wani ya zo ya murɗa makulli. A tasi mai ɗauke da mutum huɗu ko biyar. Ƙara da ɗabi'ar nan ta naɗa zaren waya a gurbin fiyus idan ya ƙone. Fiyus an yi shi ne ya mutu don damin waya ya rayu. Wanda ya hana shi mutuwa ya zaɓi damin wayar ya kama wuta.

Akwai kuma wata al'ada da muka gada tun zamanin kafireta: cire abin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, sannan a jona fankar lagireto ta yi ta juyawa ba tsayawa, wai don ƙasarmu da zafi. A inji mai ƙwaƙwalwa, muddin sansa na cewa ruwa da sanyi, ita kuwa za ta yi ta ƙara mai kamar yadda ake yi wa injin da aka tayar da asuba. Lokacin sanyin Disamba da Janairu abin ya fi muni. A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar fetur zuwa sefa 499, direbobi suka yi murna, amma wanda aka yi wa irin wannan haɗin yana mayar da rangwamen ta salansa ba tare da ya sani ba. Wanda ya kwana a layin gidan mai a watan Maris na 2025 ya san darajar lita guda.

Ba na ɗora wa masu waya laifin duka. Yawancinsu sun koyi sana'ar ne a hannun maigida, a kan motocin da fitilar gwaji da ƙwarewar ido suka ishe su, kuma abin da suke iya yi da ɗan abin da ke hannunsu abin a yaba ne. Mu masu mota muna da namu kason. Mu ne ke sayen inji tsirara don ya fi araha, mu bar damin wayarsa da ƙwaƙwalwarsa da makullinsa a wurin mai kaya, sannan mu ce mai waya ya yi dabara. Tun 1998 motocin da ake sayarwa a ƙasashe irin su Jamus da Ingila dole su zo da tsarin hana sata, inda wani ɗan ƙwayar lantarki a cikin makulli ke gaisawa da ƙwaƙwalwa kafin ta yarda ta ba da mai. Ƙwaƙwalwar da ta fito daga irin wannan mota ba tare da makullinta ba, kurma ce. Akwai masu iya goge mata lambar, kuma ba kowane mai yin haka ne ɓarawo ba, amma ya kamata mai wannan ilimi ya riƙa tambayar takardun mota kafin ya taɓa ta. Arha dai ba ta ado: a sayi inji da damin wayarsa da ƙwaƙwalwarsa da makullinsa a tare, daga mota ɗaya.

Kuma a san inda za a tsaya. Injinan ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, irin su 4E-FE da 4A-FE da 1NZ-FE na Toyota, ƙwaƙwalwarsu ba ta da yawan tambaya, ana iya zaunar da su a tsohuwar mota su yi shekaru. Na baya-bayan nan kuwa suna hira ne da sauran sassan mota ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin CAN da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Irin wannan ƙwaƙwalwa tana jiran ta ji daga allon gaban direba, da na'urar birki, wani lokaci da giya, totur ɗinta ma na lantarki ne. Ka sa ta a motar 1992, ta yi sallama ba wanda ya amsa, sai ta ƙi tashi ko ta riƙe ƙarfin injin. Mai wayar da ya ce maka wannan ya fi ƙarfin motarka ya fi wanda ya ce “kawo kawai” ƙaunarka.

Wasu sun gaji, sun bi ta baya: su cire injekta da ƙwaƙwalwa su ɗora kafireta a kan sabon inji. Na fahimci mai yin haka idan motarsa tsakanin ƙauyuka take yawo, inda man ƴan ruwa-ruwa na kwalba ne kawai ake samu kuma makaniken da ke kusa kafireta kaɗai ya sani. Amma ga tasin da ke kwana a Saga ta wuni a cikin Yamai, wannan sayen wahala ne da kuɗi, domin an biya kuɗin inji mai tsimi an mayar da shi mashayi.

Abin da ya rage shi ne ilimi, kuma ba ilimi mai tsada ba ne. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai ga motocin fetur, doka ta tilasta wata kafa mai ramuka 16 da ake jona na'urar bincike, wadda a nan ake kira baliz. Yau akwai ƙananan irinta da ke aiki da wayar salula. Amma sau da yawa idan an zo sauya inji, wannan kafar ce farkon abin da ake yankewa a yar, a kuma cire ƙwan fitilar gargaɗi don kada mai mota ya dame su da tambaya. An toshe wa ƙwaƙwalwa baki ke nan, ita da aka yi ta don ta faɗi inda ke mata ciwo. Asusun FAFPA an kafa shi ne don horar da masu sana'a da almajiransu. Ina ganin gajeren horo na yamma, cikin Hausa da Zabarmanci, kan karanta zanen waya da amfani da mita da baliz, zai yi wa garejojin hanyar Kollo amfanin da ya fi taron bita goma a otal. Wurin binciken lafiyar mota ma, da hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra, za su iya ƙara tambaya ɗaya mai sauƙi ga duk motar da aka sauya wa inji: a kashe inji a bar makulli a buɗe, a saurara ko famfon mai ya yi shiru.

Shi kuma mai mota, haƙƙinsa ne ya karɓi takarda, ko da da biro aka zana ta, mai nuna wace waya ta tafi ina, wane fiyus ke tsare me, da lambar ƙwaƙwalwar da aka sa. Mai wayar da ya yi aikin zai iya tafiya Agadas ko Libiya gobe, wanda zai gaje shi kada ya fara daga duhu. Takardun mota da na inshora su ma a je a daidaita su idan ƙarfin inji ya canza, tun kafin ranar da za a bukace su.

Sai wani abu da ya shafi Saga musamman. A Satumban 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, ruwa ya shiga unguwannin bakin kogi har da Saga, daminar 2024 ma ba ta yi wa birnin da sauƙi ba. Kafireta idan ya sha ruwa, a kwance shi a shanya, ya tashi. Ƙwaƙwalwa idan ta sha, musamman da batir a jone, sai dai wata. Amma saboda damin wayar da aka sayo ya gaza tsawo, sau da yawa a ƙasa ake ajiye ta, ƙarƙashin kujera ko gefen ƙafar fasinja, a lulluɓe da leda. A ƙara tsawon wayar da dalma, a ɗaga akwatin zuwa bayan allon gaba, bakin soket ɗinsa na kallon ƙasa don ruwa kada ya taru a ciki, kuma a yi haka tun watan Mayu, kafin hadari ya fara haɗuwa.