Daga Allon Malam: Injin Mota Ma Yana Son Iska Mai Sanyi

A wannan wata za mu ajiye alli mu leƙa ƙarƙashin bonet, domin da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna zango, tun daga Kumasi har Tamale da Boku, da sitiyari suke ciyar da iyali, kuma duk abin da ya rage wa mota ƙarfi to ya taɓa tukunyar gida.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, muna da wani maƙwabci a Aboabo mai jan tasi, tsohuwar mota ce 'yar hom-yus. Wata rana cikin watan Maris ya ɗauko mu daga makaranta da azahar, muka shiga cunkoson Kejetia, sai muka ji motar tana nishi, in ya taka totur sai ta yi kamar tana shawara. Ya ce mana, "Malam, motar nan da safe doki ce, da rana jaki. Na canja fulogi, na canja gidan mai, duk a banza, ga mai mota yana jiran kuɗinsa kullum da yamma." Da muka isa gida muka ce ya buɗe bonet. Ashe akwatin baƙar robar nan da matatar iska ke zama a ciki ya fashe tun bara, wani yaron gareji ya cire ya yar, ya ɗaura matata tsirara a bakin tiyo, tsakaninta da kan salansa bai fi taƙi ɗaya ba.

To, a nan darasin da muke koya wa yara a aji ya yi rana. Injin ba fetur kaɗai yake sha ba. Kowane kilo 1 na fetur yana bukatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai, wato lita guda ta mai tana cin iska wajen lita 9,000. Ita kuwa iska in ta yi zafi buɗewa take yi, ta yi shakaf, kamar auduga a buhu. Duk ƙarin zafi na digiri 3 yana rage mata nauyi kusan kashi 1 cikin 100. Ke nan injin da ya kamata ya shaƙi iskar waje mai digiri 30, in aka bar shi yana shaƙar ta ƙarƙashin bonet mai digiri 60, ya yi asarar kusan kashi 9 cikin 100 na abin da zai ƙona mai da shi. Kan salansa kuwa, inda hayaƙi ke fitowa daga injin, zafinsa yakan wuce digiri 500 in mota tana aiki sosai. Mota mai kafireto mai yakan yi mata yawa ta riƙa ɓarna, mai kwamfuta kuma da kanta take rage wuta don kada injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Ko ta ina dai direba ne a ƙasa.

Maganin farko, kuma wanda ya fi, shi ne a mayar da akwatin asali. Waɗanda suka ƙera motar ba don ado suka sa shi ba, da gangan suka kai bakinsa gaba inda iskar waje ke shigowa, kuma yana tare ƙurar hunturu. A Magazin ta Suame da Abossey Okai ta Akra da wuya a rasa na hannu. Masu tsofaffin motocin Turai masu kafireto kuma su duba da kyau, wasunsu suna da ɗan marfi da ke jawo iska mai ɗumi daga kan salansa saboda sanyin can. A ƙasarmu wannan marfi wajen iskar waje ya kamata ya zauna.

Amma in akwati ya gagara samuwa, ko aljihu bai kai ba, sai a yi wa matatar garkuwa, wato ɗan bango tsakaninta da zafi. Ga yadda muka yi da maƙwabcin namu. Da farko muka jira injin ya huce, muka cire wayar batir ta baƙin kai. Muka samo kwali muka yanka, muna gwadawa muna ragewa, har ya zagaye matatar ta ɓangaren injin da salansa, ya bar ɓangaren fitila da gefen mota a buɗe. Kwalin nan awo ne kawai, kamar yadda tela ke yi da takarda. Sai muka kai shi wurin masu ƙera akwatunan kwano, aka shimfiɗa shi a kan fallen alminiyon mai kaurin milimita 1, aka zana, aka yanke, aka huda inda tiyo zai ratsa, aka lanƙwasa gefuna, aka goge kaifin da magagari. Alminiyon ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma ƙyallinsa yana mayar da hucin wuta baya, don haka kada a shafa masa baƙin fenti. Daga nan muka ɗaure shi da noti a ramuka biyu da muka tarar a jikin mota, muka tsaga tsohon tiyo muka sa a bakinsa na sama don ya haɗu da bonet ba tare da ƙara ba.

Abin da yawancin mutane ke mantawa shi ne tazara. Garkuwar kada ta taɓa salansa, kada ta manne da matata. A bar aƙalla faɗin yatsu biyu kowane gefe, domin iskar da ke tsakani ita ce rabin aikin.

Yanzu sai gargaɗi, don gyaran gangar auzinawa ba shi da amfani. Kada a bar kwali, ko katako, ko soso, ko jarkar roba kusa da salansa, wannan gayyatar gobara ce. Kada a yi amfani da tsohon fallen asbesto, ƙurarsa tana jawo mugun ciwon huhu. A tabbata ƙarfen bai kusanci jan kan batir ba, bai goga wayoyi ko tiyon mai ko fanbel ba. In akwai 'yar na'ura mai waya a jikin tiyon iska, a bar ta inda take. Sannan kada neman sanyi ya sa a saukar da bakin tiyo ƙasa kusa da taya. Duk wanda ya ga yadda ruwa ke cin titunan Aboabo da damina ya san dalili: injin da ya zuƙi ruwa fistan ɗinsa ba ya iya matse shi, sai ƙarfen ciki ya lanƙwashe, an gudu daga tsara an faɗa wa kura.

Ba za mu yi muku alkawarin abin da babu ba. Garkuwa ba ta mayar da tsohuwar tasi sabuwa, kuma a kan buɗaɗɗen titi, inda iska ke ratsa bonet, bambancin kaɗan ne. A cikin cunkoso da tsakar rana take nuna amfaninta, nan ne kuwa direban tasi yake yini. Maƙwabcinmu dai ya ce nishin azahar ya ragu, kuma yana tara kuɗin akwatin asali.

Muna roƙon mastocin gareji su hana yaransu jefar da abin da ba su san aikinsa ba, iyaye kuma su bar yaro ya gama makaranta kafin a kai shi koyon aiki, don makanikin da ya san dalili ya fi wanda ya san sufana kaɗai. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in da rai da lafiya.