Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Ya ku 'yan makaranta na Bici da Ɗambatta da Minjibir, ku kawo kunne, yau muna da ƙara a kan littattafan tarihi.

Sun ba mu labarin wani hafsan sojan ruwa na Ingila, Kyaftin John Glover, wanda aka haifa a 1829. A 1857 ya biyo Likita Baikie cikin Kwara, jirginsu ya daki dutse wajen Jebba ya fashe. Cikin 1863 aka ba shi riƙon Ikko, a shekarar nan kuwa ya tara waɗansu Hausawa ya ba su bindiga, ya koya musu fareti. Daga wannan 'yar ƙungiya sojan Nijeriya ke ƙidaya asalinsu. Da yaƙin Asante ya tashi a 1873, da Hausawa ya bi ta kogin Bolta, har suka shiga Kumasi a Fabrairu 1874. Aka ɗaukaka shi, ya yi gwamna a tsibirin Niyufanlan kusa da Kanada, ya mutu a Landan a 1885. A Ikko aka gina babban zauren taro da sunansa.

To, madalla, yabon gwani ya zama dole, ba mu hana shi nasa ba. Amma mutanen da suka riƙe bindigar fa, su wane ne? Yawancinsu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu a kudu. Yaƙi da fataucin bayi suka raba su da gida, alhali kowannensu uwa ta haife shi, an yanka masa rago, ya yi noman gero da dawa kamar yadda iyayenku ke yi. Su suka keta kurmi, su suka sha harsashi da zazzaɓi, amma littafi ya tattara su cikin kalma biyu, wai Hausawan Glover, sai ka ce awaki a turke.

Wani zai ce, ai ko'ina jagora ake ambata. Mun ji, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dalilin da ya sa aka san shi shi ne mutanensa sun rubuta, namu kuwa ba wanda ya rubuta musu. Laifin farko na zamani ne, in aka sake, laifin namu ne, mu da muka iya alƙalami.

Haka ke neman faruwa ga waɗanda aka ɗiba daga karkarar Kano zuwa Bama tsakanin 1943 da 1945. Saboda haka in an ba ku hutu, kowa ya zauna gaban kakarsa ko mai unguwarsu, ya tambayi sunan wanda ya tafi soja daga gidansu, da sunan ubansa, da ƙauyensa, da ko ya komo. Ku rubuta, ku kai wa malaminku ya adana. Allah Ya ba ku himma, amin.