Sanarwar Bayan Taron Masu Ababen Hawa da Masu Sana'ar Mota na Jiddari Polo Kan Satar Motoci da Inshorar Bogi



A ranar Asabar ɗin da ta gabata 'yan ƙungiyarmu, wato masu motoci da Keke Napep, direbobi, makanikai, masu fenti, masu sayar da kayan gyara da dillalan mota na Jiddari Polo a birnin Maiduguri, suka zauna kan yawaitar satar ababen hawa da cuwa-cuwar inshora da ke tafe da ita. An fara bayan La'asar, aka tashi aka yi Magariba, aka dawo, ba a watse ba sai da aka kira Isha'i. Iyayenmu Bulamomi sun halarta, haka wasu daga cikin limaman unguwa da matasanmu masu sintirin dare. Muna gode musu, Allah ya saka da alheri. Ga abin da aka tattauna da abin da aka tsayar.

Taron ya fara da keke, domin a nan ciwon ya fi tsanani. Tun da gwamnatin jihar Borno ta hana hawa babur a Maiduguri da Jere a watan Yulin 2011, Keke Napep ya zama ƙafar talakan birnin, ya kuma zama jarin duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa. Keke ɗaya yakan ciyar da gida biyu, wani lokaci uku: mai shi da ke jiran balas da yamma, direban da ke tuƙa shi, da yaron da ake ba wa ya ɗan zaga in direba ya tafi cin abinci. Da yawa kuma na biya sannu-sannu ne, ba a gama biyan kuɗinsu ba. In an sace irin wannan, bashin ba ya bin ɓarawo, yana nan a wuyan direba.

Waɗanda abin ya faɗa wa sun yi bayani da bakinsu. Akwai wanda ya shiga sallar Juma'a ya fito bai tarar da komai ba. Akwai wanda aka ɗauka shata zuwa bayan gari da sunan ɗauko kaya, sai da aka kai inda babu mutane aka nuna masa wuƙa. Wani fasinjoji ne suka ba shi lemo ya sha, bai farka ba sai a asibiti. Masu motocin gida kuwa kukansu ya fi yawa a kan batir da fitilu da ƙwaƙwalwar mota da ake kwancewa cikin dare a ƙofar gida, sai kuma wuraren ɗaurin aure da bakin kasuwanni, inda mutum kan bar mota ya ce yanzu zai fito.

Daga nan aka shiga magana mai ɗaci, wadda ta ci kusan rabin lokacin taron. Ɓarawo ba ya satar mota don ya ajiye ta a ɗaki. Sai an sauya mata launi, an goge lambar inji ko an buga wata, an haɗa mata takardu, an nemo mai saye; in ta gagara sayuwa a tsaye, a farke ta a sayar gunduwa-gunduwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka sana'ar wani ce a cikinmu. Wasu sun ji haushin wannan magana, har wani dattijon makanike ya miƙe ya ce ba a kira shi taro don a kira shi ɓarawo ba. Aka ba shi haƙuri, amma ba a janye maganar ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai shagon da aka kawo wa gilashin gefe ko giyabos da rabin kuɗinsa bayan Isha'i, ya karɓa bai tambayi daga ina ba, ya san abin da ya saya. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, balle a wurin Allah.

Taron ya kuma lura da inda Allah ya ajiye mu. Borno ta yi iyaka da ƙasashe uku. Daga Maiduguri hanya ta bi Dikwa zuwa Gamboru Ngala, a tsallaka Kamaru a nufi Chadi. Wata ta bi Bama zuwa Banki. Wata ta yi arewa ta Damasak zuwa Diffa a Nijar. Abin hawan da ya tsallaka ɗaya daga cikinsu, dawo da shi sai wani ikon Allah, shi ya sa sa'o'in farko bayan sata suka fi komai tsada. Sai dai ba fita kaɗai motocin sata ke yi ba, shigowa ma suna yi, kuma daga nesa. A watan Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su Nijeriya. Rundunar 'yan sandan duniya, Interpol, tana da rumbun bayanan motocin da aka sace a ƙasashe daban-daban, kuma da lambar shasi ake nemo su. Saboda haka tsaleliyar motar da dillali ya kawo da farashin da ya ba kowa mamaki tana iya zama ta wani ce a Legas ko a Toronto, kuma ranar da aka gano ta, mai saye ne zai rasa mota ya rasa kuɗi. A tuna kuma cewa tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, don haka takardar kwastan ba abin da za a ce a kawo daga baya ba ce.

Batun inshora ne ya fi fito da jahilcinmu fili. Akasarinmu muna ɗaukarta a matsayin takardar da ake miƙa wa jami'i a shinge don a wuce, musamman tun 1 ga Fabrairun 2025 da rundunar 'yan sandan Nijeriya ta fara tilasta mallakarta a ko'ina cikin ƙasa. Wani ɗan ƙungiya da ya taɓa aiki a harkar ya warware mana ita. Inshorar da doka ta wajabta ita ce ta ɓangare na uku. Bisa farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade daga 1 ga Janairun 2023, motar gida Naira 15,000 ce a shekara, bayan a da tana 5,000, kuma tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har zuwa Naira miliyan 3. Ta Keke Napep Naira 5,000 ce. Abin da take biya shi ne asarar wanda ka buge. Ba ta biyan motarka in an sace ta, ba ta biya in ta ƙone. Mai son a biya shi in an yi masa sata sai ya sayi wadda aka ƙara wa gobara da sata, ko cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Motar miliyan 6 ke nan sai an ajiye aƙalla 300,000 duk shekara. Da aka faɗi haka wurin ya yi tsit, don akwai waɗanda aka sace wa keke suka yi ta zarya da takardar dubu biyar a hannu suna zaton an danne musu haƙƙi.

Wannan ma in takardar ta gaskiya ce. A nan cikin taron aka ce kowa ya ciro wayarsa ya danna *565*11#, ya sa lambar motarsa, ya ga ko tana cikin rumbun NIID na ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya. Mutane da dama ba su ga komai ba, har da wasu daga cikin shugabannin ƙungiya. Takardar tana da hatimi, tana da sunan kamfani, amma ba a taɓa biyan ko sisi ga kamfanin ba. Ɗan kamasho ne ya buga ta a kwamfuta ya haɗa cikin fatikula. Alamar a bayyane take: wanda ya ce zai yi maka ta dubu goma sha biyar a dubu uku, takarda ya sayar maka.

An daɗe kuma a kan abin da ambaliyar 10 ga Satumban 2024 ta bari, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye unguwanni masu yawa na birnin nan. Dubban gidaje sun rasa takardunsu, har da na ababen hawa, kuma ba wanda zai zargi bawan Allah da ya fita da rigar jikinsa don bai ɗauko fatikula ba. Amma dillalanmu sun shaida cewa tun daga lokacin "ruwa ya ci takardun" ta zama amsar da ke bakin mai gaskiya da maras gaskiya. Takardar rantsuwa ta kotu ba ta mai da motar sata halal. Wanda takardunsa suka salwanta da gaske, sunansa na nan a ofishin da ya yi rajista, ana iya dubawa. Wanda ya ƙi a je a duba, ya ba da amsa. Haka nan akwai motocin da suka kwana cikin ruwa, aka wanke aka fesa musu turare ana sayarwa ba tare da an faɗa wa mai saye ba. Taron ya ɗauki wannan a matsayin ha'inci.

Ba mu tsaya a laifin 'yan kamasho ba, mun duba namu. Mutum ya sayar da motarsa a ƙetare, ya dawo ya kai rahoton sata don kamfani ya biya shi. Makanike ya rubuta kiyasin gyara ninki biyu, su raba da mai mota. Wani sai bayan ya yi haɗari zai nemi a yi masa inshora a mayar da kwanan wata baya. Masu irin wannan sukan ce ai kuɗin kamfani ne. Limamanmu sun ce cin dukiya ne ta hanyar ƙarya, ko ta wane ne. A tsarin takaful, irin wanda kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful ke yi, asusun ma na mahalarta ne, wanda ya yi ƙarya ɗan'uwansa ya cuta. Kan hukuncin inshorar da ba takaful ba, malaman da ke wurin ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, taron kuma bai sa baki ba, don ba huruminsa ba ne.

Bisa wannan, taron ya tsayar da cewa ƙungiya za ta buɗe littafin rajista a hannun sakatare, inda kowane ɗan ƙungiya zai rubuta lambar abin hawansa, lambar inji, lambar shasi da launi, a haɗa da hotunan takardu a waya. Abin mamaki ne yadda mutum zai shekara biyar da mota, a tambaye shi lambar shasi a caji ofis ya kasa.

Ba wani dillalinmu da zai sake shiga cinikin mota ko keke sai an cika waɗannan: a gwada lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba da wadda ke takarda, a duba lambar motar a rumbun hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, a ga takardar kwastan, a ga mai sayarwa ido da ido da katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a biya ta banki. Dillalin da ya tsallake wannan don kwaɗayin la'ada, shi zai ɗauki asarar mai saye, kuma ƙungiya ba za ta je belinsa ba.

Gareji ba zai sauya launin abin hawa, ko ya taɓa lambar inji, ko ya farke mota ba sai ya ga takardu ya rubuta sunan wanda ya kawo. Masu kayan gyara su riƙa rubuta daga hannun wa suka saya. Wanda aka kama ya karɓi kayan sata da saninsa, za a kore shi daga ƙungiya a miƙa shi ga hukuma, ko ɗan wane ne.

In an yi sata, a kai rahoto caji ofis nan take, a sanar da sakatare ya baza wa tashoshi da masu sintiri, wanda ya yi rajista da e-CMR, rumbun rajistar ababen hawa na 'yan sanda, ya shigar da sanarwa ta nan, mai cikakkiyar inshora kuma ya sanar da kamfaninsa ba tare da jinkiri ba. An shawarci masu hali su sa na'urar bibiya, direbobi kuma su daina karɓar ci ko sha daga fasinja, su daina shatar bayan gari su kaɗai. Ɓarawon da aka kama a hannun hukuma za a sa shi. Taron ya haramta wa 'yan ƙungiya dukan wanda ake zargi ko ƙona shi. Garin nan ya ga jinin da ya ishe shi.

Muna roƙon rundunar 'yan sandan jihar Borno ta sauƙaƙa bayar da takardar rahoton sata, domin da ita kamfanin inshora ke fara aiki. Muna roƙon hukumar tara kuɗin shiga ta jiha da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, BOTMA, su taimaka a raba mutane da 'yan kamasho masu takardun bogi. Kamfanonin inshora kuma su yi wa mutane bayani da Hausa da Kanuri kafin su karɓi kuɗi, su kuma biya mai gaskiya a kan lokaci. Wanda aka ja wa rai, ƙungiya za ta taimaka masa ya kai ƙara sashen karɓar koke na NAICOM.

Abu ɗaya ne aka tashi ba a daidaita ba, wato biyan kuɗi ta hannun masu shiga tsakani don a dawo wa mutum da kekensa. Wasu sun ce wannan ne ke ciyar da sana'ar, a hana shi gaba ɗaya. Wasu suka ce da sauƙi a faɗi haka ga wanda ba nasa aka ɗauke ba, ga bashi ga iyali. An ɗage maganar, tare da ta asusun taimakon juna da aka kawo shawararsa, zuwa zama na gaba a Asabar ɗin farko ta watan gobe, inda ake son kowa ya zo da takardun abin hawansa.

Sa hannu:
Shugaban taro
Sakataren ƙungiya
Jiddari Polo, Maiduguri