Jarrabawar GMAT: Amsa ga Wani Ɗan'uwa Akawu

Wani ɗan'uwa akawu ya aiko yana tambaya yadda zai ƙara makinsa a sashen Turanci na jarrabawar nan GMAT, wadda makarantun koyon kasuwanci na Amurka da Ingila kan nema. To, ga abin da na gani, gama ni ma na sha wuyarta.

Karon farko na shiga da girman kai, wai ni ɗan makarantar mishan, nahawu a kaina yake. Ashe sabon tsarin da aka fito da shi a 2023 ya cire tambayoyin gyaran jimla. Saura karatu da ganewa, sai auna hujja. Tambaya 23 cikin minti 45, watau kowace ba ta sami minti biyu cikakku ba. Ina tauna kalma ɗai ɗai lokaci ya ƙare, kuɗin da na yi watanni ina tarawa suka tafi.

Da na koma shiri, sai na riƙa yi kamar mai sauraron shari'a gaban alƙali. Me mutumin nan ke so a yarda da shi? Ina shaidarsa? Me kuma ya ɗauka tabbas ne, bai faɗa ba? Lalle a na ukun nan tarkon yake. Duk tambayar da na faɗi, in rubuta dalili a littafi. Sannu a hankali na gane cutata: nakan zaɓi amsa don na san gaskiya ce a duniya, alhali takardar ba ta faɗa ba.

Kuma, malam, kada ka tsaya kokawa da tambaya guda. Zaɓi amsa, sa mata alama, ka wuce; an yarda ka sake amsa uku a kowane sashe in lokaci ya rage.