KAYAN ARO BA YA RUFE KATARA

'Yan'uwanmu mazauna Ikko, Fatakwal da Warri, ku ne kuke ganin jiragen yaƙin ƙasarmu da idanunku, mu nan Manawashi sai labari. Amma da zarar an tare hanyar teku, a kasuwar Gombe za a ji zafin tsadar kaya. Saboda haka muna da ta cewa ga masu kiɗa da rawa duk ranar da aka sayo sabon jirgi daga waje, suna cewa wai mun zama ƙasaitattu.

Su je su tambayi mutanen Sin. A 1866 sarautar ƙasar ta kafa masana'antar ƙera jirage da makaranta a Fuzhou, ta ɗauko Faransawa su koyar. A 1884 jiragen yaƙin Faransa suka shigo wannan tasha suka ragargaza rundunar. Sinawa sun sayo manyan jirage biyu daga Jamus, sun ɗauki wani hafsan Ingila, William Lang, ya horar da mayaƙansu. Ya ajiye aiki a 1890, kuma zuwa 1895 Japan ta gama da rundunar kakaf. Haka Rashawa suka kwashe gwanayensu a 1960, suka bar ayyuka rabi da rabi.

To, me ya fisshe su? Sun riƙe makaranta da maƙera. Sun mai da baƙo malami, sun hana shi zama maigida. Tsohon gangar jirgin da suka saya daga Yukren a 1998, su da kansu suka ƙarasa shi ya fara aiki a 2012, sannan a 2019 suka ƙaddamar da Shandong, jirgin dakon jiragen sama ƙirar gida.

Mu fa? An kafa rundunar mayaƙan ruwanmu a 1956, Turawa suna riƙe da ita har 1964 da Akinwale Wey ya karɓa. Aradu, abin alfaharinmu na 1982, ƙirar Jamus ne, kuma ya shafe shekaru a ɗaure yana jiran gyara. Thunder da Okpabana kwancen Amurka ne. Centenary da Unity kuwa, na 2015 da 2016, Sinawan nan da aka yi wa dariya jiya su suka ƙera mana. Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Masu cin kamashon kwangila za su ce ba mu iya ba. Ƙarya suke yi. A maƙerar mayaƙan ruwa ta Ikko 'ya'yanmu suka ƙera Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, da Oji a 2021. Ƙanana ne, to amma wa aka haifa da haƙora? Abin da muke nema shi ne, duk yarjejeniyar da za a ƙulla da Sin ko wata ƙasa, a rubuta cewa injiniyoyinmu za su tsaya a kan aikin tun daga zane har saukar jirgi ruwa, kuma a nan gida za a riƙa gyara.

Ku kuma 'yan'uwa, ku daina cewa teku ba gadonmu ba ne. Murtala Nyako daga Adamawa ya fito, ya shugabanci rundunar nan a 1990. Kada yaranku su ƙare a dako da gadi a bakin Apapa. Ku sa su makaranta su koyi lissafi, walda da aikin injin, ku kuma tambayi duk mai neman ƙuri'arku jirage nawa zai ƙera a gida.